Wai finafinan nan na mulkin kama-karya ƙirƙira ce, ko tarihi ne aka sauya wa riga?

Nura Fagge: Salam 'yan uwa. Dan Allah akwai wanda ya taɓa kallon fim ɗin nan 1984, wanda aka yi a shekarar 1984 ɗin kanta, John Hurt ne jarumin? Jiya da daddare na kalla a waya bayan an ɗauke wuta, wallahi har asuba ban samu barcin kirki ba. Ba dukan ko azabar ce ta dame ni ba, wannan mun saba gani, ƙarshen ne ya tsaya min a rai. Ina ta jira jarumin ya ɓalle ya tara jama'a a kifar da gwamnatin, sai kawai na ga sun karya shi, an kawo kejin ɓeraye dab da fuskarsa ya dinga ihu wai a yi wa budurwarsa shi a ƙyale shi, daga baya ga shi zaune shi kaɗai kamar gawa kuma har cikin zuciyarsa ya koma son shugaban da ya yi masa haka. Tambayata, anya an taɓa yin irin wannan mulkin a duniya ko dai marubucin ne ya zuzuta? Don ni a sanina azzalumi kashe ka zai yi ko ya ɗaure ka, ina ruwansa da abin da ke cikin ranka.

Ummi: Nima na kalla bara. Wajen da mai azabtar da jarumin ya ɗaga yatsu huɗu yana tambayarsa nawa ne, in ya ce huɗu a ƙara masa azaba, nan na kashe, sai washegari na iya ƙarasawa.

Malam Habibu Zariya: Wa alaikumussalam Nura. Bai zuzuta ba ɗana, in ma akwai abin da ya yi to ragewa ne. George Orwell ya fitar da littafin a 1949, kuma ba a ɗaki ya zauna ya ƙago shi ba. Ya je yaƙin basasar Sifaniya, a 1937 harsashi ya same shi a maƙogwaro, sannan ya ga da idonsa yadda 'yan gurguzu masu biyayya ga Mosko suka koma farautar 'yan uwansu da suke yaƙi a sahu ɗaya, jaridu kuma na ta buga labarin abubuwan da shi yana wajen kuma ya san ba su faru ba. Da ƙyar ya tsallake iyaka ya tsira.

Ka tuna aikin jarumin a fim ɗin? Zama yake a ofis yana gyara tsofaffin jaridu, duk wanda gwamnati ta yi fushi da shi a cire sunansa kamar ba a taɓa haifarsa ba. To je ka nemi hoton Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, a bakin wata hanyar ruwa da aka haƙa kusa da Mosko. A hoton farko akwai wani gajeren mutum a gefensa, Nikolai Yezhov, shi ne shugaban 'yan sandan cikin da suka harbe mutum kusan 680,000 a shekarun 1937 da 1938 kawai. Da aka gama amfani da shi aka harbe shi shi ma a 1940, sai aka sake fitar da hoton, inda yake tsaye ya zama ruwa. Babu kwamfuta lokacin, da hannu masu gyaran hoto suka zauna suka shafe shi. Wanda ya gaje shi kuma, Beria, da aka kashe shi a 1953, sai aka aika wa duk masu babban kundin sani na ƙasar wasiƙa har gida, cewa su sa almakashi ko reza su yanke shafin da ke maganar Beria, ga sabon shafi nan a liƙa, bayani ne kan tekun Bering. Lokacin Orwell ya riga ya rasu tun Janairun 1950, bai ma ga wannan ba.

Nura Fagge: Tabɗijam. Wato mutum da hannunsa zai yanke littafinsa da ya saya da kuɗinsa?

Malam Habibu Zariya: Da hannunsa. Kuma amsar tambayarka tana nan. Da so suke shafin ya ɓace kawai ai da sun aiko ɗan sanda ya yage. So suke kai ka yage, don gobe ba ka da bakin cewa an yi ƙarya tunda da kai aka yi ta. Haka shari'o'in da aka yi a Mosko tsakanin 1936 da 1938, manyan jam'iyya irin su Bukharin waɗanda da su aka yi juyin juya halin 1917, aka kawo su gaban 'yan jarida suna amsa laifin cin amanar ƙasa da bakinsu kafin a harbe su. Kisa a ɓoye ba ya isar irin wannan mulkin, sai ka yarda cewa ka cancanci kisan. Shi ne yatsu huɗun da Ummi ta faɗa.

Sadik: Allah ya gafarta Malam, ban musa ko ɗaya daga abin da ka faɗa ba, amma ni fa ina da matsala da finafinan nan gaba ɗaya. Su waye ke yin su? Amurka da Ingila. Kullum azzalumin yana kama da Stalin ko Hitler, kullum launin toka da kakin soja. Kun san cewa katun ɗin Animal Farm na 1954, shi ma daga littafin Orwell ɗin aka ɗauko, hukumar leƙen asirin Amurka CIA ce ta zuba kuɗin yin sa a ɓoye? Har ƙarshen labarin suka sauya. A littafin dabbobin sun leƙa ta taga sun kasa bambance aladun da ke mulkinsu da mutanen da suke zaluntarsu a da, wato duk kanwar ja ce, a katun ɗin sai aka mayar da shi dabbobi sun yi bore sun kifar da aladun, shikenan laifi ya tsaya a ɓangare ɗaya. To fim ɗin da ke gargaɗi kan farfaganda shi kansa farfaganda ne. Laifi tudu ne, sun take nasu suna hango na wani. Ina fim ɗin abin da sarki Leopold na Beljiyam ya yi a Kwango, ana sare hannuwan mutane a kan roba?

Bello Sakkwato: Sadik ya taɓo inda ka yi man ƙaiƙayi. Nan kusa da mu Satiru take, a 1906 Turawan Ingila sunka shafe garin baki ɗai, anka kashe mutane wajen dubu biyu, anka hana a sake zama wurin. In wanga ba shi na shafe mutum daga hoto ba, to mi na na? Yara nawa sunka san sunan garin yau?

Malam Habibu Zariya: Maganar CIA gaskiya ce Sadik, ba ni da ja. Amma kar ka ɗora wa marubucin laifin waɗanda suka sayi labarinsa bayan ya mutu. Mutumin nan ɗan sandan mulkin mallaka ne a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, na kusan shekara biyar yana saurayi, ya ajiye aikin saboda ƙyamar abin da ya gani ana yi da shi, sannan lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aiki a BBC yana shirya shirye-shiryen da ake watsa wa Indiya, ya san farfagandar gidansu daga ciki. Kuma ka lura a wane gari labarin 1984 ke faruwa? Landan ne fa, ba Mosko ba. Da gangan ya yi, yana gaya wa mutanensa cewa ba wani jini na daban gare ku ba, ku ma zai iya zuwa ƙofarku.

Sadik: To ai ya zo. 2013 da Snowden, wanda ya yi wa hukumar leƙen asirin Amurka aiki, ya fallasa yadda Amurka ke tattara bayanan wayoyin mutane miliyoyi, cinikin littafin tashi ya yi kamar me. Ni dai abin da nake cewa a dinga kallo da ido biyu.

Maman Ilham: Salamu alaikum, na daɗe ina karantawa ban ce komai ba sai da yara suka kwanta. Ni matsalata da finafinan daban ce da ta Sadik. Suna sa ka ɗauka abin tsoron shi ne babban allon nan na bango da fuskar shugaba a kai, ko kyamara, ko soja mai baƙin gilashi. Alhali a gaskiyar tarihi maƙocinka ne. Ko a cikin 1984 ɗin abin da ya fi tsaya min shi ne maƙocin jarumin, bawan Allah mai son jam'iyya kamar ransa, 'yarsa ƙarama ta ji yana sambatu cikin barci yana zagin shugaba ta kai ƙararsa, kuma yana cikin kurkukun yana alfahari wai ya ba ta tarbiyya mai kyau. Ni uwa ce, wannan wajen kuka ya sa ni.

Nura in kana son ganin abin a zahiri nemi The Lives of Others, fim ɗin Jamusawa ne na 2006, ya ci Oscar. Shi ba hasashen gaba ba ne, Jamus ta Gabas ce a shekarar 1984. A farkonsa ana tuhumar wani mutum, jami'in ya ce ya sa tafin hannuwansa ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kai, awa da awanni ba barci, bayan an fita da shi sai jami'in ya kwance ƙyallen da ke kan kujerar ya saka a kwalba ya rufe, wai an adana warin jikinsa saboda karnuka ko da wata rana za a neme shi. Na ɗauka ƙarin gishirin 'yan fim ne, ashe kwalaben suna nan har yau a gidan tarihi a Balin. Hukumar 'yan sandan cikin ƙasar, Stasi, tana da ma'aikata wajen 91,000 a 1989, ga 'yan rahoto na ɓoye sama da 170,000, a ƙasar da duka mutanenta miliyan 16 ne da ɗoriya. Da katangar Balin ta faɗi aka tarar da takardun da in an jera su za su kai kilomita 111, banda buhu kusan 16,000 na waɗanda suka yayyage da hannu cikin sauri, har yanzu ana ta harhaɗa su.

Da aka buɗe fayilolin kowa ya je ya karanta nasa, a nan gidaje suka mutu. Akwai wata 'yar gwagwarmaya Vera Lengsfeld, daga baya ta zama 'yar majalisa, ta gano cewa ɗan rahoton da ya yi shekaru yana kai bayananta da sunan ɓoye Donald, mijinta ne uban 'ya'yanta. Da ɗan gari akan ci gari.

Ummi: Innalillahi. Anti mijinta fa kika ce? To ita da wa za ta sake yarda a duniya?

Maman Ilham: Mijinta ƙanwata. Aure ya mutu. Amma kin ga shi ma fim ɗin da nake yabo yana da nasa. A ciki jami'in da aka sa ya saurari gidan wani marubuci zuciyarsa ta yi laushi ya koma kare shi. Akwai inda ya shiga lif da wani yaro mai ƙwallo, yaron ya ce babana ya ce ku miyagu ne masu kulle mutane, jami'in ya buɗe baki zai tambayi sunan baban kamar yadda ya saba, sai ya haɗiye ya tambayi sunan ƙwallon. Wajen yana taɓa zuciya sosai. To amma shugaban gidan tarihin da ke tsohon kurkukun Stasi ya hana su ɗaukar fim ɗin a can, hujjarsa ita ce bai san wani jami'i da ya taɓa ceton wanda aka sa shi sa wa ido haka ba, ga shi tsarin ma ba ya barin mutum ɗaya ya riƙe aiki shi kaɗai, kowa akwai mai sa masa ido. 'Yan fim suna ba mu mutumin kirki ɗaya don mu iya barci. Shi ya sa Nura ƙarshen da ya hana ka barci ni shi na fi yarda da shi.

Abakar Njamena: Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da Hausata, ta Cadi ce. Ina jin kuna ta zuwa Rasha da Jamus, mu ba sai mun je nesa ba. Hissène Habré ya mulke mu daga 1982 zuwa Disamban 1990. Yana da 'yan sandan ciki ana ce musu DDS, kai tsaye shi suke kai wa rahoto. A nan Njamena akwai wani wurin wanka na zamanin Faransawa, kwamin iyo, suka rufe samansa da kankare suka yanka shi ɗaki ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ana ce masa La Piscine, ku da kun san zafin Maris da Afrilu a ƙasashenmu ku auna mutum talatin a ɗakin da bai kamata ya ɗauki biyar ba. Kwamitin bincike na 1992 ya ƙiyasta an kashe mutum 40,000. A 2001 masu bincike suka shiga tsohon ofishin suka tarar da dosiye, wato fayiloli, birjik a ƙasa ƙura ta rufe su, a ciki aka samu sunayen mutum 1,208 da suka mutu, da sama da 12,000 da aka kama ko aka azabtar. Su da kansu suka rubuta, da kwanan wata da sa hannu, kamar masu lissafin buhun gero.

Akwai wata mata Rose Lokissim, tana tsare tana rubuta sunayen waɗanda suka mutu a 'yan guntayen takardu tana fitarwa a ɓoye zuwa ga danginsu. Aka kama ta da su aka kashe ta a 1986. Rahoton da masu tuhumarta suka rubuta ya tsira, a ciki sun rubuta cewa ta gaya musu ko ta mutu ba ta nadama, tarihi zai yi maganarta. Shekara talatin bayan nan, Mayun 2016, kotu a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai, da takardunsu aka kama su. Kuma Sadik ka ƙara wannan a lissafinka, Amurka da Faransa ne suka tsaya masa saboda yana yaƙar Gaddafi, a 1987 shugaban Amurka Reagan ya karɓe shi a fadar White House lokacin ramin nan cike yake da mutane.

Sadik: Allahu akbar. Ɗan uwa Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wallahi kunya ta kama ni, ina maƙwabtaka da ku na san sunan Yezhov ban san sunan matar nan ba.

Malam Habibu Zariya: Amin. Abakar maganarka ta lissafin buhun gero ta tuna min da wani fim mai suna Brazil na 1985. A farkonsa ƙuda ne ya faɗa cikin injin buga takarda a wani ofis, harafi ɗaya ya sauya, maimakon Tuttle aka buga Buttle, aka fasa rufin gidan wani talaka aka tafi da shi a gaban 'ya'yansa, aka miƙa wa matarsa takarda ta sa hannu wai rasit ne na karɓar mijinta. Ya mutu a hannunsu, kuma duk ma'aikatar ba wanda ya damu da ran da aka kashe, damuwarsu wane sashe za a ɗora wa kuskuren takarda. Fim ɗin barkwanci ne amma a Yulin 1937 an fitar da umarni mai lamba 00447 a Tarayyar Sobiyet, kowace jiha aka yanka mata adadin mutanen da za ta harbe da waɗanda za ta tura sansanin aikin dole, tun kafin a san su waye. Shugabannin jihohi har rubutowa suke a ƙara musu adadi don a ga himmarsu. Akawu ne ke tafiyar da abin, ba dodo ba.

Ummi: Malam to su mutanen ba abin da suke iya yi kenan? Gaba ɗaya jikina ya yi sanyi.

Maman Ilham: Akwai. Nemi fim ɗin Fahrenheit 451, na 1966 ɗin. A can 'yan kwana-kwana ba kashe gobara suke ba, ƙona littattafai ne aikinsu, kuma wannan ba sai an faɗa ba, ranar 10 ga Mayu 1933 ɗaliban jami'a masu bin Hitler sun ƙona littafi wajen 20,000 a wani dandali a Balin suna kiɗa suna murna. A ƙarshen fim ɗin jarumin ya gudu daji ya tarar da wasu mutane kowa ya haddace littafi guda, shi ne littafin yanzu, ga wani tsoho yana gargarar mutuwa yana biya wa ƙaramin yaro nasa, yaron na maimaitawa. Su Turawa wannan abin al'ajabi ne a wajensu, ni kuwa makarantar allo na gani, yaro ya wanke allonsa karatun na nan a ka.

Kuma an yi hakan da gaske. Mawaƙiyar Rasha Anna Akhmatova ta yi wata 17 tana bin layi a ƙofar kurkuku a Leningrad saboda ɗanta, ta tsara waƙa a kan matan da ke layin amma ba halin ajiye ta a rubuce. Sai ƙawarta ta zo, ita tana magana da ƙarfi kan shayi ko sanyin gari saboda ko ana saurare, hannunta kuma na rubuta baiti a guntuwar takarda, ta miƙa, ƙawar ta karanta ta haddace ta mayar, a ƙyasta ashana a ƙone. Haka waƙar ta rayu a kawunan mutane 'yan ƙalilan shekara sama da ashirin. Shi kuma mawaƙi Osip Mandelstam waƙar zambo ya yi wa Stalin a 1933, ya mutu a sansani a 1938, matarsa ta kwashe shekaru tana tilawar waƙoƙinsa da daddare don kar su zube. Kuma tunda ana maganar gaskiya, mu ma a Kano a 2007 an tara littattafan soyayya an cinna musu wuta ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ina budurwa lokacin, da littattafan nan na koyi karatun Hausa da kyau, raina ya ɓaci ƙwarai.

Bello Sakkwato: A'a Hajiya, nan kam ban bi ki ba. Wanga da wancan ba ɗai na ba. Hitler littattafan masana da Yahudawa da 'yan adawa ya ƙone don kar kowa shi yi tunani. Na Kano batun tarbiyya na, iyaye da kansu sunka yi kuka da abin da 'yan mata ka karantawa cikin aji. Al'umma na da haƙƙin tsare ɗiyanta. In munka ce duk hani kama-karya na, to har uba ba shi iya hana ɗansa komai kenan.

Maman Ilham: Malam Bello ban ce ɗaya ba ne, Allah ya kiyaye, ba a kashe kowa a Kano kan littafi ba. Amma su ma ɗaliban Balin ɗin cewa suka yi tarbiyya da al'adar Jamus suke karewa, ba wanda ya taɓa ƙona littafi ya ce don kar ku yi tunani na yi. Uba ya ƙwace littafi a hannun 'yarsa ya zaunar da ita ya yi mata faɗa, wannan daidai ne nima ina yi. Hukuma ta tara ta ƙona a bainar jama'a ba tare da an ware mai kyau da marar kyau a gaban marubutan ba, wannan wani abu ne daban, don yawancin marubutan nan mata ne masu rubuta auren dole da kishi da sakin wulaƙanci, abubuwan da ba a son ji.

Bello Sakkwato: Akwai na banza cikinsu kuma kin sani. Amma na yarda ƙonawa ba ita ta hanya ba, tacewa ta fi.

Sadik: To wa zai tace mai tacewar? Nan fa ake fara komai. Kuma shekarar 1984 ɗin da muke ta ambata, a Najeriya ita ce shekarar doka ta 4, aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda kan labarin naɗin jakadu. Dokar ba ta tsaya kan ƙarya kawai ba, ko abin da zai kunyata jami'in gwamnati ne za a iya ɗaure ka.

Admin: 'Yan uwa muhawarar na da daɗi amma dan Allah kar ta koma siyasar jam'iyya, duk wanda ya fara zagin wani shugaba ko kare wani zan goge. A tsaya kan tarihi da fim.

Malam Habibu Zariya: Admin ya yi gaskiya. Ni na rayu a duk mulkin sojan nan, ina koyarwa lokacin da aka rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995, ina nan aka ce Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997. Zalunci ne ba wanda zai ce ba shi ba ne. Amma a matsayina na malamin tarihi dole in bambance, namu mulkin danniya ne, bai kai irin wanda Nura ya gani a fim ba. Soja na son ka yi shiru a fili, shikenan. Da yamma muna teburin mai shayi da rediyo a kunne muna jin BBC da Jamus, ana caccakar gwamnati, liman na faɗin abin da ya ga dama a huɗuba, kasuwa na cin kanta, ba wanda ya zo ya ce ɗana ya dinga kawo rahotona. Wancan kuwa ba ya barin masallaci ko coci ko ƙungiya ko zumunci, duk abin da zai haɗa mutum biyu ba da izininsa ba sai ya rusa ko ya shiga ciki. A Romaniya a 1983 har tafireta sai ka kai wa 'yan sanda sun ɗauki samfurin haruffanta.

Ummi: Malam amma yanzu ai ba sa buƙatar tafireta, wayar na hannunmu, layin da sunanmu da hoton yatsunmu. Mun ga an rufe Twitter wata bakwai daga Yunin 2021, a shekarar kuma aka kashe sabis a Zamfara, ko me ye dalilin dai mun ga cewa makunnin na hannun wani. Abin da ya ɗan ba ni ƙwarin gwiwa shi ne su ma finafinan suna komawa titi. Ɗaga yatsu uku na fim ɗin The Hunger Games, matasan Tailan suka ɗauka bayan juyin mulkin 2014 har aka dinga kama mutane a kansa, 'yan Myanmar ma suka ɗauka a 2021. A Bankok har wani ɗalibi aka kama don ya zauna a fili yana karanta 1984 shiru.

Nura Fagge: Gaskiya na zo da tambaya ɗaya na koma da goma. Yaya Abakar in ba damuwa, kai ka riski lokacin? A gida ana maganar?

Abakar Njamena: Ina ƙarami sosai ƙanena, abin da nake tunawa kaɗan ne. Akwai wani maƙocinmu tela, yana ba mu guntayen yadi muna ɗinka ƙwallo, wata rana da safe muka ga shagon a rufe, kekensa na ciki. Na tambayi mahaifiyata ta ce ya yi tafiya, na sake tambaya bayan kwana biyu ta kama kunnena ta murɗe, abin da ba ta taɓa yi min ba. Daga ranar ba wanda ya ƙara kiran sunansa a layinmu, matarsa in ta fito ɗiban ruwa mata sai kowa ta duƙar da kai, ba don ƙiyayya ba, tsoron a gan ka kana gaisawa da ita.

Ɗazu da na ga tambayarka na je ɗakin tsohuwar, yanzu ta haura saba'in, na ce Inna kin tuna telan nan? Mutumin da ya mulke mu lokacin ya mutu tun 2021, ba wanda zai taɓa ta. Sai da ta tashi da sandarta ta leƙa tsakar gida, ta turo ƙofa, ta dawo ta zauna kusa da ni sannan ta yi magana ƙasa ƙasa. Ta ce da daddare aka zo da mota ba lamba, kowa a layin ya ji, ba wanda ya fito. Ta ce da dare takan aika yayata da tuwo gidan matar ta bayan katanga, a ajiye kwanon a dawo ba sallama. Ta faɗi sunansa da na matarsa da na 'ya'yansu uku ɗaya bayan ɗaya ba ta manta ko ɗaya ba, ta ce in rubuta in ajiye. Na rubuta a bayan littafin lissafin shagona.

Maman Ilham: Allah ya saka wa Inna da alheri, ka gaishe mana da ita. Ka tambaye ta ko ta san inda 'ya'yan suke yanzu.

Abakar Njamena: Za ta ji Anti. Ta ce babbar ta yi aure a Kuseri, tsallaken kogi ne kawai daga nan. Ranar Juma'a in Allah ya yarda zan haye in nemi gidan.